Jini da Asali: Matsayin Gwajin Ƙwayoyin Gado a Binciken Tarihin Zuriya a Udubo da Ƙasar Guddiri

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2000 wasu kamfanoni a Amurka suka fara sayar wa jama'a gwajin ƙwayoyin gado, wato abin da aka fi sani da DNA, domin neman asali. Kamfanin 23andMe ya shigo kasuwar a 2007, AncestryDNA kuma a 2012. Mutum zai tofa miyau a 'yar kwalba ya aika musu, bayan 'yan makonni su aiko masa da sakamako mai cewa kashi kaza cikin ɗari na jininsa daga wuri kaza ya fito. Wannan gwaji daban yake da gwajin jinin da ake yi kafin aure saboda amosanin jini. Wasu daga cikin 'ya'yanmu mazauna Turai da Amurka sun fara yin sa, suna turo sakamakon gida ta wayar hannu, a wasu gidaje har ya kan jawo gardama tsakanin matasa da dattawa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda ya kamata mai binciken tarihin gidansu ya karanta irin wannan sakamako. An ɗauki Udubo, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa ta Jihar Bauci, da sauran ƙasar Guddiri a matsayin abin misali, saboda wuri ne da al'ummomi suka daɗe suna cuɗanya. Abin da ake nufi da ƙasar Katagum a nan shi ne faɗin masarautar kamar yadda take a ƙarni na 19 da na 20. Maƙalar za ta nuna cewa alƙaluman gwajin suna auna kamannin mutum ne da wasu mutane rayayyu da aka zaɓa, alhali ƙabila a wannan ƙasa aba ce da harshe da gidan uba da sarauta suka gina. Saboda haka sakamakon shaida ne guda ɗaya a cikin shaidu, kuma ba shi da ikon yanke wa kowa hukuncin asalinsa.

2.0 Udubo da Ƙasar Guddiri a Tarihi

2.1 Kafin Jihadi

Kafin ƙarni na 19, ƙasar da ke tsakanin Kano da Borno tana ƙarƙashin ƙananan sarautu, waɗanda suka fi shahara a cikinsu su ne Shira da Tashena da Auyo. Ruwayar baka tana cewa 'yan'uwa uku ne da suka taso daga gabas suka kafa su. Sarautun suna bin Borno ta hannun Galadima da ke zaune a Nguru, shi ya sa ake fassara sunan Guddiri da cewa ƙaramar Borno. Udubo tana ɓangaren gabas na wannan yanki, ta fuskar ƙasashen Karekare da Ngizim da Bade, har yau kuma akwai Karekare a ƙasar Gamawa.

Mutanen Shira da Tashena da Auyo suna da harsunansu na kansu, waɗanda duk sun mutu. Russell Schuh, a nazarin da ya buga a 2001 kan 'yan kalmomin da suka rage a rubuce, ya kira su tsofaffin maƙwabtan Hausa na gabas, masana kuma suna sanya su a rukuni ɗaya da harsunan Bade da Ngizim, cikin dangin harsunan Cadi. Ban da su, akwai Barebari masu mulki da malanta, da Fulani makiyaya, da Larabawan Shuwa. Manyan gidajen harsunan Afirka guda uku ke nan suka haɗu a ƙasa ɗaya, suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya.

2.2 Jihadi da Bayansa

Malam Ibrahim Zaki ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya ci waɗannan garuruwa tun daga wajen 1807, ya kuma shiga Birnin Ngazargamu bayan faɗuwarsa ta farko a hannun Gwani Mukhtar a 1808. Shi ne ya kafa garin Katagum, ya rasu a 1814. A watan Janairu na 1824 Hugh Clapperton ya sauka a Katagum zamanin Sarki Ɗankauwa, abokin tafiyarsa Walter Oudney kuma ya rasu a Murmur. Clapperton ya lura cewa a Katagum ne ya fara ganin ana ciniki da wuri tun tasowarsa daga Borno, abin da ke nuna cewa garin bakin iyaka ne tsakanin tsarin ciniki biyu.

Ƙarnin bai zo da kwanciyar hankali ba. Shehu Laminu na Borno ya kawo yaƙi a 1826 zuwa 1827. Sarkin Haɗejiya Buhari ya addabi maƙwabtansa daga 1848 zuwa 1863. Rabe ya ci Borno a 1893, jama'a da dama suka gudo yamma. Bayan zuwan Turawa a 1903 da yaƙin Burmi, wasu sun bi hanyar gabas suka zauna a Sudan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura ya tashi garuruwa, ya kawo baƙi, ya kai 'ya'ya wasu ƙasashe a matsayin bayi ko 'yan gudun hijira. Hatta a littafin kalmomin da S. W. Koelle ya tattara daga bakin 'yantattun bayi a Saliyo, wanda aka buga a 1854, akwai harsunan Karekare da Bade da Ngizim. Daga baya Turawa suka mayar da fadar masarautar Azare, a 1926 kuma suka cire ta daga Lardin Kano suka haɗa ta da Lardin Bauci.

2.3 Yadda Aka Zama Hausawa

A cikin wannan hali ne Hausa ta zama harshen kowa, ta haifar da karin da ake kira Guddiranci, wanda Dauda Bagari ya yi nazarinsa a 1982. Jikokin Shirawa da Tashenawa ba su ƙare ba, harshe suka sauya, a yau kuwa suna amsa sunan Hausawa ko Fulani. Haka nan gidaje da yawa da ke kiran kansu Fulani ba su jin Fillanci, wasu masu tsagar Barebari a fuska ba su jin Barbarci. Gidan Malam Zaki kansa misali ne, domin tarihin jihadi yana lissafa shi cikin masu tutar Fulani, alhali akwai ruwayar da ke danganta tushen gidan da Larabawa daga gabas. Duk wanda zai karanta sakamakon gwaji na mutumin Udubo, wajibi ne ya riƙe wannan tarihi a zuciyarsa.

3.0 Abin da Gwajin Yake Aunawa

3.1 Hanyoyi Uku

Kowane ɗan'adam yana ɗauke da ƙunshin gado guda 46, wato tagwaye 23, waɗanda ake kira kuromosom. Rabi daga uba suke, rabi daga uwa. Gwajin asali iri uku ne. Na farko yana duba kuromosom ɗin Y, wanda namiji ne kaɗai ke da shi, yana kuma bin uba zuwa ɗa kamar yadda salsala take tafiya. Na biyu yana duba wani ɗan gado da ke cikin mitokondiriya, wanda kowa ke samu daga mahaifiyarsa, ita ma daga tata mahaifiyar. Na uku yana duba sauran tagwaye 22, a wurare kimanin 600,000 zuwa 700,000, shi ne kuma yake fitar da kashi-kashin ƙasashe.

Ɗan lissafi zai taimaka a nan. Mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, a hawa na bakwai kuwa adadin ya kai 128. Idan aka ba kowane hawa shekara 30, hawa na bakwai ya kai mu zamanin Malam Zaki. Gwaji na farko da na biyu suna ba da labarin mutum biyu ne kacal daga cikin waɗannan 128. A gwaji na uku kuma, rabon kowane ɗaya daga cikinsu a jinin jikansa bai kai kashi 1 cikin 100 ba idan aka daidaita, kuma tun da rabon ba daidai yake sauka ba, ana iya rasa alamar wani kakan gaba ɗaya. Dalilin da ya sa ke nan wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, suke samun alƙaluma mabambanta, domin rabin da kowa ya ɗauka daga iyayen ba iri ɗaya ba ne.

3.2 Mutanen Ma'auni

Babu wata alama a jini da aka rubuta wa suna Bahaushe ko Babarbare. Abin da kamfani yake yi shi ne ya tara jinin wasu mutane rayayyu waɗanda suka ce kakanninsu duk daga wuri ɗaya suke, ya mayar da su ma'auni. Sai kwamfuta ta yanyanka jinin mai gwaji gunduwa-gunduwa, ta jingina kowace gunduwa ga rukunin da ta fi kama da shi. Idan babu dangin mutum a cikin ma'aunin, kwamfutar ba ta yin shiru, sai ta miƙa shi ga wanda ya fi kusa. Kowane kamfani da nasa ma'aunin, kuma suna sabunta shi lokaci-lokaci, har sakamakon mutum ya sauya ba tare da ya sake ba da miyau ba. A 2019 gidan talabijin na CBC a Kanada ya aika miyan wasu tagwaye masu kama ɗaya zuwa kamfanoni biyar, alƙaluman suka saɓa daga kamfani zuwa kamfani, a wasu wuraren ma tsakanin tagwayen kansu.

4.0 Matsalolin Fassara Sakamako a Ƙasar Guddiri

4.1 Ƙarancin Wakilci

Manyan taskokin da ilmin ya ginu a kansu ba su ɗebi mutanen Sudan ta Tsakiya ba. Shirin HapMap, wanda aka fara a 2002, Yarabawan Ibadan 90 ya ɗauka su wakilci Afirka a zangonsa na farko. Shirin nan na jinin mutum dubu, wanda ya kammala a 2015 da mutum 2,504 daga al'ummomi 26, ya ɗebi Yarabawa da Esan daga Nijeriya, da Mende daga Saliyo, da mutanen Gambiya, da Luhya daga Kenya. Babu Hausawa ko Barebari ko Karekare a ciki. Binciken Sarah Tishkoff da abokan aikinta na 2009, wanda ya shafi al'ummomin Afirka 121, ya nuna cewa bambancin da ke tsakanin 'yan Afirka ya fi na kowace nahiya yawa, kuma masu harsunan Cadi da dama suna da kusanci da masu harsunan Nilu da Sahara. Ke nan idan sakamakon mutumin Udubo ya nuna wani kashi na Sudan ko Mali ko Kamaru, ba dole ne a ce wani kakansa ya taso daga can ba. Sau da yawa ma'anarsa ita ce babu maƙwabtansa a cikin ma'aunin.

Haka kuma sunayen da ake raba kashin da su na ƙasashen zamani ne. Nijeriya ba ta zama ƙasa ɗaya ba sai a 1914, kakannin da suka ga jihadi kuwa Borno da Kano da Bagarmi suka sani.

4.2 Matsalar Sunan Ƙabila

Ko da an ce an sa Hausawa a ma'auni, sai a tambaya: waɗanne Hausawa? A garin da nake koyarwa, nesa da gida, duk wanda ya fito daga Arewa Bahaushe ake ce masa, ko Bakarkare ne ko Babarbare. Abner Cohen ya nuna irin wannan a littafinsa na 1969 kan Sabon Ibadan, inda zama Bahaushe ya rataya a kan harshe da addini da sana'a. A Sudan ma sunan Fallata ya kan haɗe Fulani da Hausawa da sauran mutanen yamma. Mai ɗibar jini yana rubuta sunan da mutum ya faɗa masa ne kawai. Bugu da ƙari, ba za a taɓa samun ma'aunin Shirawa ko Tashenawa ba, tun da babu mai amsa sunan a matsayin ƙabila mai harshe. Mutanen da suka fi kowa daɗewa a ƙasar su ne gwajin ba zai iya ambata ba.

A 2006 Bert Ely da abokan aikinsa sun gwada gadon uwa na baƙaƙen Amurka da taskar jinin al'ummomin Afirka, suka tarar waɗanda suka dace da ƙabila ɗaya tak ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Dalili shi ne mata suna aure daga gari zuwa gari tun fil azal, reshe ɗaya ya watsu a ƙabilu da yawa. Wannan ya isa ya sa a yi hattara da takardar da ke cewa wane ɗan ƙabila kaza ne.

4.3 Larabawa da Turawa a Cikin Sakamako

Gidajen sarauta da malanta a wannan ƙasa suna son danganta kansu da gabas. Ga Bayajida daga Bagadaza, ga Saifawan Borno daga Yaman, ga Toronkawa da Uƙba ɗan Nafi'u. Saboda haka ɗan kashin Arewacin Afirka ko na Larabawa a sakamako ya kan faranta rai, a ɗauke shi tabbacin ruwaya. Zuwan Larabawa yankin Tabkin Cadi gaskiya ne, domin wajen 1391 Mai na Borno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ takardar kuka a kansu. Amma alama irin wannan tana iya girme wa kowace ruwaya da dubban shekaru. Binciken Mário Vicente da abokan aikinsa na 2019 kan Fulanin Burkina Faso ya nuna cewa jininsu gaurayen Afirka ta Yamma ne da wani kashi mai alaƙa da Arewacin Afirka, har da gadon da ke ba babba ikon narkar da madara. Gado ne na al'umma baki ɗaya, ba ya nuna wani mutum guda mai suna.

Akwai kuma reshen uba da ake kira R1b, wanda ya fi yawa a Yammacin Turai. Fulvio Cruciani da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa wani ɓangarensa mai suna V88 ya yawaita a cikin masu harsunan Cadi, har ya kai kashi 95 cikin 100 a wata al'umma ta arewacin Kamaru. Wani bincike na 2008 ya sami R1b a kimanin kashi 40 cikin 100 na 'yan tsirarun Hausawan Sudan da aka gwada. Reshen ya shigo ne dubban shekaru da suka wuce, a zamanin da Sahara take da ruwa da ciyawa. Bahaushen da ya ga R1b a takardarsa ya zaci wani Bature ya shiga gidansu a zamanin En'e ya zargi kakarsa a banza.

4.4 Iyaye Mata

Salsalarmu ta maza ce. Dattijo zai iya jero ubanninsa bakwai, amma da wuya ya wuce kakarsa ta wajen uwa. A shari'a kuma ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana ɗaukar nasabar ubansa, yana gado, yana iya sarauta. Mu ƙaddara gidan da kakansa na bakwai Bafillace ne, amma a kowane hawa ɗa yana auren Bakarkariya ko Babarbariya ko Bahaushiya. Jikan na yau Bafillace ne a al'ada, ba tare da ya yi ƙarya ba, duk da cewa rabon wancan kaka a jininsa ɗan mitsitsi ne. Salsala da gwaji ba su ƙaryata juna a nan ba, tambayoyi biyu daban suke amsawa. Babbar fa'idar gwajin ga masanin tarihi ma ita ce ya tuna masa da matan da aka manta da sunayensu.

5.0 Yadda Ya Kamata a Yi Amfani da Shi

Inda gwajin ya fi ƙarfi shi ne gano dangantaka ta kusa. Yana iya tabbatar da cewa mutum biyu sun haɗa kaka a hawa na uku ko na huɗu, kuma gwajin Y yana iya nuna ko gidaje biyu, ɗaya a Udubo ɗaya a Maiwurno ta Sudan, sun fito daga tsatson uba ɗaya. Mai bincike zai fi samun biyan buƙata idan ya bi wannan tsari. Ya fara da dattawa, maza da mata, ya rubuta sunaye da garuruwa da sana'ar gida da tsagar fuska da waɗanda gidan ke wasan barkwanci da su, domin taubasantakar Fulani da Barebari ita ma hujja ce. Sai ya nemi rubutattun abubuwa, kamar bayanan da malamai kan rubuta a bangon littattafai, da takardun gado na kotunan alƙalai, da rahotannin gundumomi da ke Gidan Adana Takardu na Ƙasa a Kaduna da Gidan Arewa. Ya kuma duba tarihin yankin Katagum da J. M. Fremantle ya buga a 1911, da littafin Victor Low na 1972 kan masarautun Gombe da Katagum da Haɗejiya. Bayan haka ne zai kawo gwaji, da tambaya takamaimiya. Kashin da bai wuce 1 ko 2 cikin 100 ba kada a gina komai a kansa, sai wata hujja ta goyi bayansa.

6.0 Abubuwan Lura

Maganar asali a ƙasarmu tana taɓa aure da sarauta da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Gorin bauta bai mutu ba, alƙaluman da aka yi wa mummunar fahimta suna iya zama sabon makamin gori, su hana wata yarinya miji ko su ta da rigima a gidan sarauta. Fiƙihun Malikiyya yana tabbatar da nasaba ne ta hanyar aure da iƙirari da shaidu, yana kuma tsananta hukunci a kan mai soke nasabar wani. Wanda ya ba da miyansa ya ba da sirrin 'yan'uwansa ne ba da izninsu ba, tun da jini ɗaya suke ɗauke da shi. A 2023 ɓarayin intanet sun kai ga bayanan mutum kusan miliyan 7 na kamfanin 23andMe, a watan Maris na 2025 kuma kamfanin ya kai kansa kotu saboda karayar arziki. Ya dace a yi shawara da manyan gida kafin a yi gwajin, da kuma kafin a watsa sakamakonsa.

7.0 Kammalawa

An ga yadda ƙasar Guddiri ta tara Shirawa da Tashenawa da Karekare da Barebari da Fulani da Shuwa, Hausa ta haɗe su a harshe ɗaya cikin ƙarni biyu. An kuma ga cewa gwajin ƙwayoyin gado yana kwatanta mutum ne da ma'aunin da mutanen wannan ƙasa ba su da wakilci sosai a cikinsa, yana raba shi da sunayen da kakanninsa ba su sani ba. Amfaninsa yana wajen gano dangi na kusa da bin reshen uba ko na uwa, idan an haɗa shi da ruwaya da takardu. Aikin da ke gaban sassan harsuna da tarihi na jami'o'inmu shi ne su hanzarta tattara salsalar gidaje a Udubo da Gamawa da Shira da Tashena, har da ta ɓangaren mata, tun dattawan da suka riƙe ta suna raye. Miyau ana iya samun sa a kowane lokaci, amma sunan kakar da dattijo ya tafi da shi kabari babu na'urar da za ta dawo da shi.